Abin da Fayin Ya Yi wa Wata Makiyaya a Mambila

Ƙasar ta iso ɗakin gwaji a ledar burodi, daga wani dattijo na yankin Gembu, tare da saƙon cewa masararsa ta ƙi. Filin gadonsa ne, tudu mai ciyawa da shanu suka daɗe suna kiwo a kai. Wani mai sayar da dashe ya shawo kansa ya cika shi da itacen fayin, wai katako kuɗi ne, kuma wai kowane itace gyara ƙasa yake yi. Bayan shekaru ya sare, ya shuka masara. Ko gwiwa ba ta kai ba. Ganye ya rine zuwa shunayya, saiwa ta tsaya gajera da kauri. Mai shagon taki kuma, ko filin bai gani ba, ya yi ta ɗora masa yuriya buhu kan buhu.

Awon pH ya fito ƙasa da 5, kuma ran mai wannan rubutu ya ɓaci ƙwarai, domin asarar dattijon ba ta zama dole ba.

Dama ƙasar Mambila tsami gare ta, ruwan sama ya daɗe yana wanke ta. Fayin ya zo ya zuƙe kalsiyam da magnesiyam da potasiyam ya tara a jikinsa, ranar da motar katako ta gangara da shi kuwa sun tafi ke nan. Siraran ganyensa ba sa ruɓewa da wuri, inuwarsa ta kashe ciyawar da saiwarta ke ciyar da ƙasa. Da tsami ya yi yawa sai alminiyam ya narke, ya nakasa saiwa, ya ɗaure fosfaras. Yuriyar nan tsami ta ƙara. Wane irin mai ba da shawara ne bai san wannan ba?

An ga irinsa a tsaunukan Ekwado, inda fayin ya rage ƙarfin ƙasar ciyawa na riƙe ruwa. Wani nazari a mujallar Science a 2005 ya nuna dashen gandun itatuwa a irin waɗannan filaye ya rage ruwan rafuka da kashi 52 cikin 100.

A gwada ƙasa kafin a dasa. Kada a cika makiyaya ta asali da fayin, balle bakin maɓuɓɓuga, kuma itacen turare ma bai tsira ba. Mai dashe dashensa yake son sayarwa, don haka a gwada ƙasa tukuna! Wanda ya riga ya sare, ya fara da farar ƙasa gwargwadon awo da takin shanu, ya ajiye yuriya har tsamin ya sauka.