Gasa Kek a Murhun Itace Ba Tare da Ya Ƙone Ba

Kek ɗina na farko a murhun itace kaji ne suka cinye shi, su ma da ƙyar. Wata 'yar ajinmu ce ta ba ni aikin kek na bikin ƙanwarta, har ta biya rabin kuɗi. Ranar da zan yi sai gas ya ƙare, kuɗin ciko babu, wutar lantarki kuwa kwana biyu ba mu sa ta a ido ba. Na ce ai ga murhu nan a tsakar gidan da muke haya. Na jibga itace, wuta ta tashi bal-bal, na ɗora tukunya. Ko minti ashirin ba a yi ba na ji ƙauri. Ƙasan kek baƙi ƙirin, tsakiyarsa kuma ƙullu. Ga asarar fulawa da bota da ƙwai biyar, ga kunyar mayar da kuɗin mutane.

Matar mai gidan tana zaune tana kallona, ba ta ce uffan ba sai da na sauke. Sannan ta ce, "'Yar nan, wa ya gaya miki da harshen wuta ake gashi?" Na ce, "To da me ake yi, Inna?" Ta ce da garwashi. Darasin yau ke nan gaba ɗayansa, saura bayani ne. Na rubuto shi ne don na san da yawa a cikinmu, musamman masu zama a wajen makaranta, da kek da cincin da donot muke haɗa kuɗin rajista, kuma gas yana cinye ribar.

Mu fara da abin da ke faruwa idan itace yana ci. Da farko ruwan da ke cikinsa ne ke fita. Ɗanyen itace kusan rabin nauyinsa ruwa ne, shi ya sa za ku ji yana kuka, kumfa na fita ta ɗaya bakin. Duk zafin da ya tafi wajen ƙafar da wannan ruwa, tukunyarki ba ta gan shi ba. Bayan ruwan sai itacen ya fara sakin wata iska mai kamawa, ita ce harshen da muke gani. Idan iskar ba ta samu ta ƙone duka ba, sai ta fita a matsayin hayaƙi. Wato hayaƙin da ke sa ki hawaye itacen da kika saya ne yake tafiya sama bai yi miki aiki ba. Daga ƙarshe sai garwashi ya rage. Harshe yana da zafi sosai amma ba shi da tabbas, yanzu ya tashi, an jima ya kwanta, iska ta kaɗa shi gefe. Garwashi kuwa hucinsa a tsaye yake, yana raguwa a hankali. Kek yana son zafi na kusan digiri 180 a ma'aunin Salsiyos na tsawon minti 35 zuwa 50, ba hawa ba sauka. Harshe ba zai ba ki wannan ba.

Masu gurasa a Kano sun daɗe da sanin haka. Sai sun hura wuta a cikin tanderu, jikinsa ya ɗauki zafi, harshen ya faɗi, sannan su manna ƙullu a bango. Zafin da yumɓu ya adana ne yake gasa gurasar. Mu da ba mu da tanderu, yashi ne zai yi mana wannan aiki.

A samo tsohuwar tukunya mai kauri, mai murfi da ke rufuwa sosai. Kada ki ɗauki sabuwar tukunyar miyarki, don ba za ta sake komawa yadda take ba. A zuba yashi mai tsabta a ciki, kaurinsa kamar yatsu biyu zuwa uku. Dole ya zama busasshe ƙayau. Jiƙaƙƙen yashi tururi zai yi, sai ki tashi da alala a maimakon kek. A kan yashin a ɗora abin da zai ɗaga gwangwanin kek: ƙaramin waya na gashi, ko gwangwanayen tumatir uku marasa komai a ciki, waɗanda aka riga aka ƙona fentin jikinsu. Wasu suna sa tsakuwa. Idan za a sa, ban da wadda aka ɗebo a jiƙe daga rafi, tana iya fashewa idan ta ji wuta. Amfanin yashin shi ne ba ya saurin miƙa zafi. Yana karɓa, ya baza shi, ya riƙe. Tazarar da ke tsakanin yashi da gwangwani kuma ita ke barin iska mai zafi ta zagaya.

Wajen itace, a nemi mai nauyi wanda ya bushe, irin su marke da ƙirya, garwashinsu yana daɗewa. Kara da ƙirare na hura wuta ne kawai, toka suke zama nan da nan. Katako mai fenti, leda, roba da tsohon takalmi, don Allah kada su kusanci murhun abinci. A hura wutar tun kafin a fara kwaɓi, ta yadda kafin ki gama buga bota da sukari ta zama garwashi. Sai a zare sauran bakin wutar a ajiye gefe yana ci, domin daga nan za a riƙa ɗebo sabon garwashi. A ɗora tukunya a rufe, ta yi kamar minti goma sha biyar tana ɗaukar zafi.

To ta yaya za a san zafi ya yi, tunda babu agogon auna zafi irin na ɗakin firaktikal? Barbaɗa fulawa kaɗan a wani murfin gwangwani, ki sa a ciki ki rufe. Idan bayan minti biyar ta yi ruwan zuma mai haske, zafi ya yi daidai. Idan ta yi baƙi kafin lokacin, rage garwashi ki ɗan jira. Idan tana nan fara fat, ƙara.

Ga inda akasarinmu muke faɗuwa: muna tara wuta a ƙasa, mu bar sama ba komai. Kek daga kowane ɓangare yake son zafi. Saboda haka bayan an sa gwangwanin, a ɗebi garwashi a jera a kan murfi, kuma na saman ya fi na ƙasa yawa, kamar kashi biyu a sama, ɗaya a ƙasa. Idan murfin mai tudu ne garwashi na gangarowa, kifa shi, ko a ɗora faranti na ƙarfe. Na ƙasan a baza shi zuwa gefe-gefe, kada a tara a tsakiya. Duk bayan minti goma a juya tukunya kaɗan, saboda kowane murhu yana da ɓangaren da ya fi zafi, galibi inda iska ke bugowa.

Kuma a daure, kada a buɗe kafin minti 25. Na san ran mutum yana son leƙawa, ni ma haka nake. Amma duk buɗewa zafi ne ke gudu, kek ɗin da bai gama tsayawa ba sai ya lotsa a tsakiya. Hanci ya ishe ki: ƙamshi na nufin ana tafiya daidai, ƙauri na nufin janye garwashin ƙasa maza. Idan lokaci ya yi, kakkaɓe tokar murfi kafin ki ɗaga, ki soka tsinke a tsakiya. Ya fito a bushe, an gama. Shawarata ga mai farawa, ta fara da ƙananan kek na kofi, suna nuna cikin kamar minti 20, in an yi asara ma kaɗan ce. Kwaɓin da na saba: fulawa, bota da sukari giram 250 kowanne, ƙwai huɗu ko biyar, bekin foda ƙaramin cokali biyu, kuma kada a cika gwangwani ya wuce kashi biyu cikin uku.

Samari, kada ku ce wannan na 'yan kek ne. Shinkafar da take kamawa a ƙasa alhali sama tana tsatstsaye, ciwon ɗaya ne. Harshe a tafasa ruwa da shi, da zarar ruwa ya fara tsotsewa a zare itace, a rufe, garwashi ya ƙarasa. Haka iyayenmu ke yi wa tuwo bayan tuƙi, su bar shi ya sulala. Murhun duwatsu uku kuma yana zubar da mafi yawan zafinsa ta gefe. Ko bulo ne a jera a kewaye shi, a bar ƙofa ɗaya ta itace da iska, za ku ga bambanci a yawan itacen da kuke saye. 'Yan sashen injiniya masu neman aikin kammala karatu, ga abin yi nan a gabanku.

Sai maganar hayaƙi, wadda ba ta wasa ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda akasarinta daga girki da itace da gawayi da kananzir take, ta yi sanadin mutuwar kimanin mutum miliyan 3.2 a shekarar 2020. Garwashin nan da nake ta yabo yana fitar da iskar kabon monoksaid, ba ta da wari, ba ta da launi. Rashin ganin hayaƙi ba ya nufin babu ita. Alamunta ciwon kai, jiri da kasala, mutum ya ɗauka gajiyar lakca ce ya kwanta, a ɗaki rufe kuma yana iya ƙin tashi. A yi gashi a tsakar gida ko rumfar da iska ke ratsawa. A ɗakin kwanan ɗalibai kuwa kada ma a soma, ko a baranda. Lokacin hunturu, in an gama, kada a ce bari a shigar da ragowar garwashin ɗaki a ji ɗumi. A yayyafa masa ruwa ya mutu, a shanya, gobe gawayi ne da za a fara gashi na gaba da shi.