Darasi ga Magatakarda: Yadda Za A Yi wa Littafin Ƙungiya Fihirisa

'Yan'uwa manoma, da aka gama dam ɗin Kainji a 1968, ruwa ya cinye gungaye da gonaki, aka ta da iyayenmu zuwa gaɓa. A lokacin, iyakar gona a kan dattawa take, ba a takarda ba. Yau ƙungiyoyinmu na Yauri da Ngaski da Shanga suna rubuta al'amuransu. Amma in gardama ta tashi a taro kan bashin injin ban ruwa, magatakarda yana ta buɗe shafi bai samu ba, sai zargi ya shiga tsakani. Maganin wannan shi ne fihirisa.

Mene ne fihirisa?

Jerin kalmomi ne a ƙarshen littafi, bisa tsarin abacada, kowace da lambar shafinta. Misali: albasa 4, 19, bashi 7, 22, taki 11.

Yadda za mu yi shi da Microsoft Word

1. Mu tara rahotannin shekara cikin fayil ɗaya, mu sa lambar shafi.
2. Kwamiti ya zaɓi kalmomin da aka fi nema: bashi, taki, iri, fadama, taru, sunayen ƙauyuka.
3. Mu zaɓi kalmar a cikin rubutu, mu danna Alt da Shift da X tare. Akwati zai fito. Mark domin wuri ɗaya ne, Mark All domin duk inda ta fito.
4. Alamun da kwamfuta ta sa sukan tura rubutu gaba, lambobi su rikice. Mu danna ¶ mu ɓoye su tukuna.
5. A shafin ƙarshe mu shiga References, mu danna Insert Index.
6. In mun ƙara rubutu, mu taɓa fihirisar, mu danna F9.

Mu lura

Kwamfuta ba ta san bashi da basussuka abu ɗaya ne ba. In mun zaɓi basussuka, mu rubuta bashi a cikin akwatin domin su haɗu. Mu kuma duba inda ta ajiye kalmomi masu ɓ da ɗ da ƙ. Bayan haka mu buga kofe biyu, ɗaya ga magatakarda, ɗaya ga ma'aji, gama ba kullum ake da wuta ba.

Tambayoyi

1. Waɗanne kalmomi goma ne ƙungiyarmu ta fi nema?
2. In magatakarda ya yi tafiya, wa zai iya samo shafin bashi?