KALMAR "ZAMA" DA NA'URORIN AUNA MOTSIN JIKI

Gabatarwa

Agogon hannu mai ƙirga taku ya yawaita a tsakanin ɗalibai, kuma wayoyin salula da dama suna iya faɗa wa mai su yawan takun da ya yi a yini. Wannan maƙala za ta duba yadda irin waɗannan na'urori suke auna motsin jiki da zama wuri ɗaya, da kuma inda batun ya shafe mu a matsayinmu na masu nazarin harshe. Na'ura girgiza kawai take ji. Mutum ne yake raɗa wa girgizar suna, ya ce wannan tafiya ce, wannan kuwa zama ne.

Daga tambaya zuwa na'ura

A shekarar 1953 wani likitan Birtaniya, Jeremy Morris, ya kwatanta direbobin bas-bas masu bene na Landan da kwandastocinsu. Direba yana yini a kan kujera, kwandasta kuwa yana hawa da sauka a matakala. Ya gano cewa ciwon zuciya ya fi kama direbobin. Morris bai maƙala wa kowa na'ura ba, sana'ar mutum ce ma'auninsa. Bayan haka masu bincike sun daɗe suna dogara ga takardar tambayoyi: "Minti nawa ka yi kana tafiya a makon jiya?" Matsalar ita ce ɗan Adam yana mantuwa, kuma yana son ya faɗi abin da zai sa a yaba masa.

Girman matsalar ya fito fili a Amurka. A binciken lafiya na ƙasa na 2003 zuwa 2004 an ɗaura wa dubban mutane na'ura a ƙugu har kwana bakwai. Sakamakon da aka buga a 2008 ya nuna cewa manyan da suka cika minti 30 na motsi a rana ba su kai kashi 5 cikin 100 ba, alhali amsoshin da mutane suke bayarwa da bakinsu sun ninka wannan adadi sau da yawa. Daga baya Birtaniya ta yi nata: tsakanin 2013 da 2015 shirin UK Biobank ya sa kimanin mutum 100,000 suka ɗaura na'ura a wuyan hannu na mako guda.

Yadda na'urar take aiki

A cikinta akwai wani ɗan ƙaramin ma'auni da yake jin duk sauyin gudu ta fuskoki uku: sama da ƙasa, gaba da baya, dama da hagu. Yana ɗaukar bayani sau da yawa a cikin daƙiƙa guda, sannan kwamfuta ta tattara shi ta mayar da shi lamba ɗaya a kowane minti. A nan ne hannun mutum yake shiga. Masu amfani da na'urar ActiGraph ta ƙugu sun daɗe suna ɗaukar abin da ya gaza 100 a minti a matsayin zama. Matsakaicin motsi kuwa, wasu sun sa iyakarsa a 1,952, wasu a 2,020. In aka sauya iyaka, wanda ya cika ƙa'ida jiya sai ya faɗi yau, ko da bai sauya komai a rayuwarsa ba.

Wurin da aka ɗaura ta ma yana da tasiri. Macen da take daka da agogo a hannu za ta tara "taku" masu yawa alhali ko zaure ba ta leƙa ba. Ɗan dako da ya tallabe kaya a ka da hannunsa zai yi gumi sharkaf, amma agogon ba ya sanin nauyin buhu. Ta ƙugu kuma ba ta jin tuƙa keke sosai. Saboda haka ne lissafin ƙarfin da jiki ya ƙona ya fi komai rauni. A 2017 masu bincike a Jami'ar Stanford sun gwada na'urorin hannu bakwai a jikin mutum 60. Yawancinsu sun auna bugun zuciya da kuskuren da bai kai kashi 5 cikin 100 ba, amma wajen ƙarfin da aka ƙona, wadda ta fi kyau ta kauce da kashi 27, mafi muni da kashi 93.

Shi kansa "taku 10,000" da agogo yake tafa wa mutum in ya cika, daga talla ya samo asali. A 1965, shekara guda bayan wasannin Olamfik na Tokiyo, kamfanin Yamasa na Japan ya fitar da na'ura mai suna Manpo-kei, wato "ma'aunin taku dubu goma". A 2019 I-Min Lee ta Jami'ar Harvard da abokan aikinta sun bi mata tsofaffi fiye da 16,000, suka ga cewa masu taku kimanin 4,400 a rana sun fi masu 2,700 tsira daga mutuwa a lokacin binciken, kuma amfanin ya daina ƙaruwa a wajen 7,500.

Mene ne zama?

Ma'anar da masana suka amince da ita tana da sharuɗɗa uku: mutum yana farke, yana zaune ko kishingiɗe ko kwance, kuma ƙarfin da yake kashewa bai wuce ninki ɗaya da rabi na wanda yake hutawa ba. A lura cewa wannan daban yake da rashin motsa jiki. Ɗalibi zai iya buga ƙwallo awa guda da yamma, ya cika minti 150 zuwa 300 a mako da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarta a 2020, amma ya yini a zaune a aji da laburare. Na'urar ƙugu da ta hannu ba sa iya bambanta tsayuwa cik da zama yadda ya kamata, shi ya sa ake manna wata, kamar activPAL, a cinya: in cinya ta kwanta an zauna, in ta miƙe an tashi.

To, a nan harshe yake shigowa. Hausa ta bambanta zaman kujera da zaman dirshan, da harɗe, da tsugunno, da durƙuso, da kishingiɗa. Shin duk ɗaya suke a wurin jiki? Wani bincike da aka buga a 2020 a kan Hadza, mafarautan ƙasar Tanzaniya, ya nuna cewa suna shafe kusan awa 10 a rana ba tare da motsi ba, kamar ma'aikatan ofis, sai dai wani ɓangare na lokacin a tsugune ko a durƙushe suke yin sa, kuma tsokar ƙafa ta fi aiki a haka fiye da a kan kujera. A ganina, ma'anar da aka gina a kan kujera da mota da talbijin ba ta gama ɗaukar wannan bambanci ba, ga shi kuwa harshen Hausa ya daɗe da rarrabe shi.

Tun da ba a yi watsi da takardar tambaya ba, domin ita ce take faɗin abin da mutum yake yi da dalilinsa, aikin mai fassara yana nan. A 2011 Adewale Oyeyemi na Jami'ar Maiduguri da abokan aikinsa sun buga fassarar Hausa ta gajeren kundin tambayoyin motsin jiki na duniya, IPAQ, wanda yake tambaya a kan kwana bakwai da suka wuce. Mu ɗauka an ba mu irin wannan aiki. In muka ce "Kina motsa jiki?", mai amsa za ta iya tuna gudu da ƙwallo ta ce a'a, alhali ta yi ɗiban ruwa da wanki da shara tun asuba. In muka ce "Awa nawa kake zama?", mun shiga wata rigima, domin "zama" yana nufin mazauni ("Ina zama a Agege"), "zaman banza" kuma zargi ne da ba wanda zai amsa. Tela da yake taka keken ɗinki yana zaune amma ƙafarsa tana aiki, kuma shi kansa cewa zai yi aiki yake yi. Ya fi dacewa mai fassara ya ambaci ayyukan da sunansu, ya ce "a kan kujera ko tabarma, ko a cikin mota", ya kuma ɗaura lokaci a kan abin da mai amsa ya saba da shi, kamar daga azahar zuwa la'asar.