Ga mai son koyon goge a Rumde

Ɗan'uwa, in zuciyarka ta kwanta da kiɗan goge, fara da neman ubangida. Da bin maigida ake koyon sana'ar nan: ka ɗauki kaya, ka yi amshi, kunnenka ya nuna kafin a miƙa maka izga. Ka saurari Audu Yaron Goge, ka ji yadda tsirkiya ɗaya tak ke bin muryar mawaƙi. A wajen Turawa ma, inda gogensu ke da tsirkiya huɗu, da ƙuruciya ake farawa. Yehudi Menuhin, makaɗin irin wannan goge, haifaffen 1916, yana ɗan shekara bakwai ya fara kiɗa gaban jama'a.

Sai kula da kayan, a nan ne da yawa ke sakaci. Gogen ƙwarya ce da aka rufe da fatar guza, tsagiyar kuma gashin wutsiyar doki. Da damina, laimar Binuwai kan sa fatar ta saki, sauti ya dushe. Ɗan ɗumama ta nesa da garwashi za ta ɗame, amma kada wuta ta lashe ta. A zafin Maris da Afrilu na Jimeta kuwa, kada ka bar gogen a rana, ƙwaryar na iya tsagewa. Ka shafa wa izga ƙaro kafin kowane kiɗa, kuma ka daina taɓa gashin da hannu mai maiƙo.

Gayyatar biki ba kullum take zuwa ba. Don Allah ka riƙe makarantarka ko wata sana'ar hannu tare da gogen.