Yarinyar da Aka Bari a Gida

'Ya'yana malamai na Yako da kewaye, ku da kuka karɓi alli daga hannunmu, ku ba ni aron kunnenku.

Idan ciwon daji ya kama yaro, hankalin gida duka kansa yake komawa. Uwa ta naɗe tabarma ta tare a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko a asibitin Shika can Zariya, wani zubin makonni. Uba kuwa yau yana kasuwa da akuya ko buhun masara, gobe yana Kwanar Dangora yana jiran mota. To, wa ya rage? Yayar mai jinya, 'yar shekara 11. Ita ce ɗebo ruwa, ita ce hura wuta, ita ce goyon auta. Ta iso makaranta a makare, sai ta tarar da bulala a bakin ƙofa. Ina sabon malami na taɓa hukunta irinta ban tambaya ba, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Ku tambaya tukuna. Ku ja ta gefe, ba a gaban aji ba, ku ce, "Yaya mai jiki? Ke fa, kin karya?" Wannan tambaya ta biyu, wataƙila ta kwana biyu ba wanda ya yi mata ita. Idan ta yi shiru kada ku matsa. Gobe ma rana ce.

Sai zancen 'yan aji. Za su guje ta, su ce ana ɗauka, ko su ce jifa aka yi wa gidansu. Da izinin iyaye, ku warware musu: ba a ɗaukar ciwon daji ta cin abinci a kwano ɗaya ko zama a benci ɗaya. Nau'in da yake kumbura muƙamuƙi ko cikin yara, wanda likita Denis Burkitt ya bayyana a Uganda a 1958, ya fi yawa a inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, kuma yana jin magani idan aka je asibiti da wuri. Zubewar gashi aikin maganin ne. Ita ma yarinyar ku gaya mata ba laifinta ba ne, domin yaro kan ƙulla a ransa cewa faɗan da ya yi da ƙanensa ne ya jawo.

Hedimasta ya ɗauke mata kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai, ya sassauta aikin gida, ya kuma yi magana da malamin Islamiyyarta. Lokacin tara ku bar ta ta yi gaɗa da ƙawayenta, ku kira ta da sunanta, ba "yayar mara lafiya" ba.

Ranar da ta ci gwaji, ku buga wa uwar waya a asibiti, ku miƙa wa yarinyar ta faɗa mata da bakinta.