Darasin lafiya: Tafkin garinmu, ciyawarsa da cutar tsargiya

Darasin wannan wata a kan tafki ne, domin da yawanmu a nan Beltsville muna aika kuɗi gida idan aka tashi gyaran ruwan gari, kuma muna kai yara hutu can.

A ƙauyukan ƙasar Hausa da arewacin Gana, tafki da kududdufi su ne ma'ajiyar ruwan damina. Da su ake ban ruwa a lambu da rani, a ja da jigo ko guga a shayar da albasa, tumatir da barkono. Magabata ba su bar tafki haka kawai ba. Idan ruwa ya ja baya sai a yi gayya a yashe laka, a kwashe ta zuwa gona ko a yi tubali, a cire ciyawa, mashayar dabbobi kuma a ware ta daban da inda mata ke ɗiba. Don noma suke yi, amma aikin yana rage wata cuta da muka sani sarai: tsargiya, wato fitsarin jini.

Ga yadda take yaɗuwa. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe, ya shiga jikin wata 'yar ƙaramar katantanwa da ke maƙale a ciyawar bakin tafki. Bayan 'yan makonni sai ƙananan tsutsotsi su fito su huda fatar duk wanda ya shiga, ko mai wanka, ko mai wanki, ko mai kamun kifi. Sun fi fitowa da tsakar rana, daidai lokacin da yara ke iyo. Idan babu katantanwar, cutar ba ta da hanyar wucewa daga mutum zuwa mutum. Ita kuwa katantanwar ruwa kwantacce mai ciyawa take so. Tafkin da ke janyewa duk shekara ana yashe shi yana kashe da yawanta, ko da yake wasu kan ɓuya a cikin laka har damina.

Manyan madatsun ruwa sun sauya wannan lissafi. Bayan an gama Akosombo a 1965, tsargiya ta yi katutu a ƙauyukan bakin tafkin Volta. Haka ta faru a Richard Toll ta ƙasar Senegal bayan madatsar Diama ta 1986, sai dai can nau'in cutar da ke kama hanji ne ya ɓarke. A Kano ma an daɗe ana fama da ita a gonakin noman rani na Kadawa da ke shan ruwan Tiga. Amma a arewacin Senegal ɗin ne wani bincike da mujallar Nature ta buga a 2023 ya nuna cewa cire ciyawar ƙarƙashin ruwa a wuraren da mutane ke shiga ya rage kamuwar 'yan makaranta da nau'in cutar da ke kama hanji, ciyawar kuma ta zama taki da abincin dabbobi. Gayyar kakanninmu ce aka auna da alƙalami.

Saboda haka idan aka kawo mana takardar neman gudummawar tafki, mu tambaya wa zai riƙa cire ciyawa kowace shekara. Mu sa kuɗin dogayen takalman roba da safar hannu a ciki, don kada masu aikin su kwashi cutar. Masai nesa da bakin ruwa ya fi sabon injin ban ruwa amfani ga lafiyar yara, ko da yake injin ne ake ɗaukar hotonsa a turo mana.

Wanda zai kai yara gida, ya hana su shiga tafki, ruwan wanka kuma a tafasa shi ko a ajiye shi kwana 2. Idan sun riga sun shiga, a gaya wa likita sunan ƙasar da ranar, ko da ba a ga jini ba, domin likitocin Amurka ba su cika haɗuwa da cutar ba. Gwajin jini yana fi nunawa bayan mako 6 zuwa 8. Maganinta praziquantel ne, yawanci na kwana ɗaya. Dattawan da suka yi fitsarin jini suna yara aka ce alamar balaga ce, su ma su nemi gwaji: tsutsar tana shekaru a jiki, tana iya lalata mafitsara har ta kai ga daji, ga mata kuma tana taɓa mahaifa.