Cinikin da Ba a Ga Juna Ba: Hukuncin Rancen Waya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah.

Bayan haka, a ƙauyukan ƙasar Dambatta da Bichi da Makoda, inda gona take jikin gona, kuma gado ya yanka ta ƙanana, manomi ba ya iya barin ƙasa ta huta. Dole sai da taki. Da ruwan shuka ya sauka, rumbu kuwa ya yi ƙasa, sai saƙo ya shigo wayarsa cewa ga rance nan take, ba jingina, ba mai tsaya masa. Ya latsa, kuɗi su shigo, ya je wurin mai POS ya karɓa, alhali bai ga mai kuɗin ba, bai kuma karanta sharuɗɗan da aka rubuta da Turanci ba.

Nisa kaɗai ba ya ɓata ciniki. Malaman Malikiyya sun halatta sayar da abin da ba ya nan bisa siffantawa, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid. A 1990 ma Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda, ta tabbatar da ingancin ƙulla ciniki ta waya da makamantanta, amma ta keɓe ɗaurin aure, ta kuma tsananta a kan canjin kuɗi da salam. Sai dai siffar nan ita ce ke tsayawa a madadin ido. Idan aka ɓoye adadin da za a biya, ko ranar biya, ko tarar jinkiri, to, garari ya shiga, watau jahilci mai jawo husuma, yardar da aka samu kuwa ba yarda ba ce.

Shari'a ta kuma ba mai saye damar sharɗanta zaɓi, ya yi shawara kafin ciniki ya lizimce shi: kamar wata guda ga gida, kamar kwana 3 ga dabba. A 2002 Tarayyar Turai ma ta kafa irin wannan a harkar kuɗi daga nesa, ta ba mai saye kwana 14 na janyewa.

A Nijeriya abin ya fi muni wajen karɓar bashi. Waɗansu kamfanoni sukan kwashe lambobin da ke cikin wayar mutum, in ya yi jinkiri su aika wa surukansa da limaminsa cewa ɓarawo ne. A ƙauyen da kowa ya san kowa, wannan ya fi asarar amfanin gona ciwo. A 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin waɗansunsu a Legas, sa'an nan ta wajabta musu rajista. Alƙur'ani kuwa, a ƙarshen Suratul Baƙara, ya yi umarni a saurara wa matalauci har ya samu, a kuma rubuta bashi da ajalinsa, wanda ake bi shi ne zai yi shifta.

Amma kada rajista ta ruɗi kowa.  Rancen da aka sharɗanta ƙari a kansa riba ne, ko da an bayyana sharuɗɗansa da Hausa. Wanda ya riga ya faɗa ciki ya tuba, ya gaggauta fita, ya kuma kai ƙarar duk wanda ya tozarta shi gaban hukumar.